Wanda Ya Ce Ya Gani Ba Ƙarya Yake Ba

Ina ɗan shekara 19 dannau ya fara kama ni. Na yi kwana biyu ina raba dare da karatun jarrabawa, a dare na uku na zube rigingine, barci ya yi awon gaba da ni. Can tsakar dare na farka. Idona biyu, ina ganin ƙofa, ina ganin ɗan hasken da ke shigowa ta ƙarƙashinta, amma ko yatsa na kasa ɗagawa. Ƙirjina kamar an aza masa buhun siminti. A kusurwar ɗakin kuma ga wani dogon mutum a tsaye, kafaɗunsa a sauke, ba na ganin fuskarsa, amma na tabbata ni yake kallo. Na yi niyyar salati, harshe ya ƙi juyawa. Na kurma ihu iya ƙarfina, abin da ya fito bai wuce gurnani ba. Sai can, kamar an kwance igiya, jikina ya dawo hannuna.

Da gari ya waye na ba mutum biyu labari. Kawuna ya saurare ni har ƙarshe, ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaro, ruwa ba ya tsami banza. Ka yi tunani da kyau, da wa ka samu saɓani kwanan nan?" Abokina kuwa ko bari in kai aya bai yi ba. Ya bushe da dariya ya ce, "Kai dai ka cika tsoro, mafarki ka yi." Na rabu da su duka raina a jagule. Na san ban yi faɗa da kowa ba, na kuma san idona biyu lokacin da abin ya faru.

Shekaru sun shuɗe kafin in san abin da ya same ni. A 1953 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Chicago, Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman, suka lura akwai wani zango a cikin barci da ƙwayar idon mutum ke ta zarya a ƙarƙashin fatar ido, kuma in ka tashe shi a lokacin, galibi zai ce maka mafarki yake yi. Daga baya aka gano cewa a wannan zangon ƙwaƙwalwa kan ɗaure gaɓoɓin jiki, ba ta sakin su sai an fita daga cikinsa. Rahama ce babba, don ba don haka ba, wanda ya yi mafarkin gudu sai ya tashi ya gwara kansa da bango. Dannau yakan zo ne ranar da hankali ya riga jiki farkawa. Numfashi na ci gaba da kansa, amma ba ka da ikon jan dogon numfashi yadda kake so, sai ka ji kamar an danne ƙirjinka. Ragowar mafarkin kuma bai gama watsewa ba, sai ya zuba a kan abin da ido ke gani. Rashin isasshen barci da kwanciyar rigingine duk suna cikin abubuwan da ke jawo shi, ni kuwa na haɗa biyun a dare ɗaya. Dogon mutumin nan rigata ce da na rataye a ƙusa.

Mutanen Japan suna kiransa kanashibari. A Sin sukan ce fatalwa ce ta danne mutum a gado, a Newfoundland ta ƙasar Kanada kuma su ce wata tsohuwa ce ta hau ƙirjinsa ta zauna. Nauyin dai iri ɗaya ne a ko'ina, mai zaman ne kawai ke sauya kamanni daga ƙasa zuwa ƙasa.

Ra'ayin da na tsaya a kai tun daga nan shi ne, mutumin da ya zo maka da labarin abin al'ajabi, mafi yawan lokuta gaskiya yake faɗa game da abin da ya gani ko ya ji. Inda ƙafa ke zamewa shi ne wajen faɗin dalili. Kawuna ya gaskata ni, sai ya ɗora mini dalilin da bai bincika ba. Abokina ya ƙi dalilin, sai ya haɗa da ni ya ƙaryata. Su biyun sun yi tarayya a abu guda, ba wanda ya ce mu je ɗakin mu duba.

Zan fara da irin kuskuren Kawu, domin shi ne ke cin rai.

A 1921 wani likitan ido a Amurka, William Wilmer, ya buga labarin wasu iyali da suka tare a wani tsohon gida. Suka fara jin takun tafiya a ɗakunan da ba kowa, suna jin ƙararrawa, suna ganin wasu mutane tsaye a bakin gado cikin dare. Yara suka yi yaushi, ciwon kai ya addabi kowa, har shuke-shuken da ke cikin gidan suka bushe. Ba su yi ƙarya ba ko kaɗan. Wani ɗan'uwansu ne ya ce a duba murhun da ke ɗumama gidan, sai aka tarar ya lalace yana tura hayaƙi cikin ɗakuna. Iskar da ke cikin wannan hayaƙi, wato kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana manne wa jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita ninki sama da 200. Kaɗan daga cikinta kan sa jiri da ruɗewa da gane-gane, mai yawa kuma ta kashe mutum a cikin barcinsa. Ita ce ke fita daga janareta, ita ce ke tashi daga gawayin da aka hura a rufaffen ɗaki. Duk lokacin da aka wayi gari aka tarar da iyali guda sun mutu ba rauni ba jini, tambayar farko da ta kamata a yi ita ce me ya kwana yana ci da wuta a kusa da su. In aka tsallake wannan tambaya aka tafi neman wanda ya yi musu asiri, janaretan yana nan inda yake, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Abin da ya faru a tafkin Nyos, a arewa maso yammacin Kamaru, ya fi wannan girma nesa ba kusa ba. A daren 21 ga Agusta, 1986, mutum 1,746 suka mutu a ƙauyukan da ke kewaye da tafkin, da dabbobi kusan 3,500. Gidaje suna tsaye, bishiyoyi suna tsaye, ba gobara ba harbi. Waɗanda suka fara isa wurin sun ce ko ƙuda ba su gani a kan gawarwakin ba, don ƙudajen ma sun mutu. Ruwan tafkin, da aka sani shuɗi, ya koma ja. Wane ne zai ga wannan bai ce da walakin ba? Jita-jita ta tashi, wasu suka ce fushin iskokin ruwa ne, wasu suka ce wata ƙasar waje ce ta gwada sabon bam.

Tafkin yana zaune ne a bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, zurfinsa ya kai mita 200. Shekara da shekaru iskar kabon dayoksaid tana tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa tana narkewa a ruwan can ƙasa, nauyin ruwan sama ya danne ta, kamar yadda murfi ke riƙe gas a kwalbar lemo. A wannan dare wani abu ya motsa ruwan, murfin ya buɗe. Da yake iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ta gangara cikin kwaruruka kamar ambaliya, ta kori iskar numfashi har nisan kilomita 25. Ja-jan ruwan kuwa ƙarfe ne da ya taso daga ƙasa ya haɗu da iska ya yi tsatsa.

Abin takaicin shi ne an yi gargaɗi. Shekara biyu kafin nan, a 1984, tafkin Monoun a ƙasar ta Kamaru ya kashe mutum 37 ta wannan hanyar, kuma wani masanin duwatsu ɗan ƙasar Iceland, Haraldur Sigurdsson, ya je ya ɗebi ruwan ya gano iskar. Ba a ɗauki maganarsa da nauyi ba sai da Nyos ta auku. A 2001 aka zura bututu na farko cikin tafkin don iskar ta riƙa fita a hankali, aka ƙara wasu a 2011. Da an tsaya a kan batun iskokin ruwa ko bam, da ba wanda zai yi tunanin bututu.

Akwai kuma wata ɓarnar da ta fi damuna. Ka lura da tambayar Kawu: da wa ka samu saɓani? Fassarar da ba a bincika ba ba ta zama a sarari, sai ta sami kan wani ta sauka, kuma ba ta cika sauka a kan mai ƙarfi ba. Takan faɗa kan tsohuwar da ba ta da mai tare mata, ko baƙo, ko matar da dama ba a so. A garin Salem na Amurka, a 1692, wasu 'yan mata suka fara faɗuwa suna fizge-fizge, kafin ƙurar ta lafa an rataye mutum 19 bisa zargin maita. Sunayen garuruwa ne kawai ke canzawa, har gobe ana yin irin wannan.

Na san abin da wani zai ce: to kai ba ka yarda da gaibu ba ke nan? Na yarda. Amma yarda da cewa akwai abin da ido ba ya gani ba ta ba ni lasisin jingina masa duk wata ƙara da na ji a rufi ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, an yi husufin rana a Madina. Mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Magana ce ta ƙauna, kuma mai ɗaukaka shi a idon jama'a, a ranar da yake cikin baƙin ciki. Duk da haka ya tashi ya gyara musu, ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Abu biyu sun faru a rana ɗaya, ya hana a ɗaura ɗaya a wuyan ɗaya.

Wannan ɗaurin shi ne aikin da ƙwaƙwalwarmu ta fi ƙwarewa a kai. Ka tuna da wani, sai ga wayarsa ta shigo, ka ce lallai akwai wani abu. Sau nawa ka tuna da mutane ba su kira ba? Ba ka ƙirga ba, ba wanda ke ƙirgawa. In ka tara mutum 23 a ɗaki, yiwuwar a sami biyu da aka haifa a rana ɗaya ta shekara ta haura rabi, saboda mutum 23 suna ba da haɗin bibbiyu har 253. Dacewa ta fi yadda muke zato yawa, rashinta ne ma zai zama abin mamaki. Haka ido yake da fuska. A 1976 kumbon Viking 1 ya aiko hoton wani tsauni a duniyar Mars mai kama da fuskar mutum, aka yi shekaru ana rubuce-rubuce a kan waɗanda suka sassaƙa ta. A 2001 wani kumbon ya ɗauki wurin da kyamara mai kyau, sai ga tudu da inuwa. Rigata ce a ƙusa, amma a wata duniyar.

To, kada abokina ya yi murna, don nasa kuskuren ma yana da tarihi mai tsawo, kuma masu ilimi ne suka fi tafka shi.

Har ƙarshen ƙarni na 18, manyan masana a Turai ba su yarda dutse na faɗowa daga sama ba. Manoma su zo su ce sun ga wuta ta keta sararin sama, sun ji ƙara, ga dutsen nan sun ɗauko, a ce musu camfin ƙauye ne. A 1794 wani Bajamushe, Ernst Chladni, ya rubuta cewa manoman nan gaskiya suke faɗa, duwatsun daga wajen duniya suke, aka yi masa dariya. Sai ranar 26 ga Afrilu, 1803, duwatsu kusan 3,000 suka zubo a kusa da garin L'Aigle a Faransa, da rana tsaka. Aka tura wani matashin masani, Jean-Baptiste Biot. Abin da ya yi shi ne abin da ya kamata a yi tun farko. Ya bi ƙauye-ƙauye, ya tambayi manoma da limaman coci da sojoji da yara, ya gwada maganar wannan da ta wancan, ya auna faɗin filin da duwatsun suka zuba, ya kwatanta su da duwatsun yankin ya ga ba su yi kama ba. Rahotonsa ne ya rufe bakin masu musu.

Matuƙan jirgin ruwa ma sun sha wannan wulaƙanci. Sun daɗe suna ba da labarin wata igiyar ruwa guda ɗaya tal da kan taso kamar bango a tsakiyar teku, ana cewa sun shafa wa labari shuni. Ranar 1 ga Janairu, 1995, wata na'ura a dandalin bututun gas na Draupner, a tekun da ke kusa da Norway, ta auna igiya mai tsayin mita 25.6, a lokacin da manyan igiyoyin wurin ke kai kimanin mita 12. Daga ranar aka daina musu, aka koma gyara lissafi. Wanda ya ce "ƙarya ne" bai tashi daga kujerarsa ba, ban ga da me ya fi wanda ya ce "asiri ne" ba. Shi dai ya fi shi iya sa rigar boko.

Misalin da na fi so na yadda ake yi shi ne na duwatsun da ke tafiya a Kwarin Mutuwa, a jihar Kalifoniya. Wani busasshen tafki ne shimfiɗaɗɗe kamar faranti, duwatsu a warwatse a kansa, wasu nauyinsu ya kai kilo 300, kowanne da dogon sawu a bayansa kamar an ja shi. Ba sawun mutum, ba na dabba. Tun 1948 masana ke rubutu a kai, ba wanda ya taɓa ganin dutse ɗaya ya motsa. A 2011 wasu 'yan'uwa biyu, Richard Norris da James Norris, suka kawo duwatsu 15, suka saka musu na'urar GPS mai nuna inda abu yake, suka ajiye, suka tafi. Shekara biyu shiru. A Disambar 2013 suka zo dubawa, suka tarar an yi ruwa, wurin ya zama ɗan kududdufi, sanyin dare ya daskarar da samansa ya yi ƙanƙara siririya, kaurinta bai wuce milimita 6 ba. Da rana ta ɗaga, ƙanƙarar ta fara tsagewa ta zama manya-manyan faifai masu yawo a kan ruwa, iska mai laushi tana tura su, su kuma suna tura duwatsun a kan laka mai santsi, mita biyu zuwa biyar a minti. Tafiyar hawainiya, wadda in ba ka ƙura ido ba ba za ka lura ba. Daga baya ƙanƙara ta narke, ruwa ya ƙafe, sai dutse da sawunsa. Shekara 65 ana hasashe, abin da ya warware shi haƙuri ne da zuwa wurin cikin sanyin da kowa ke gudu.

Su kansu masu binciken ba su tsira ba. A cibiyar sauraren sararin samaniya ta Parkes a Ostareliya, tun 1998 na'ura ke kama wata baƙuwar sigina da aka rasa asalinta. Sai a 2015 wata ɗaliba mai karatun digirin digirgir, Emily Petroff, da abokan aikinta suka bi diddigi. Abin da ya tona asirin shi ne siginar ta fi zuwa da tsakar rana, kuma taurari ba su san lokacin cin abinci ba. Ashe ma'aikata ne ke buɗe na'urar ɗumama abinci ta kicin kafin ta gama aiki. Ana iya dariya, amma kawar da wannan ruɗani ne ya ƙarfafa tabbacin cewa wata siginar mai kama da ita, da aka fara ganowa a 2007, da gaske daga can nesa da taurarinmu take zuwa. Da aka share na bogi sai na gaskiya ya fito fili.

Abin da ke ba ni haushi a zamanin nan shi ne tambaya tana da ƙafa, amsa kuwa gurguwa ce. Bidiyon "abin da ya gagari masana" zai zaga Facebook da WhatsApp a yini guda, bayanin da ya biyo baya ko mutum goma ba za su tura ba. Ba yau aka fara ba. Shahararren hoton dodon tafkin Loch Ness na Sikotilan an buga shi a 1934, sai a 1994 ta bayyana cewa jirgin wasan yara ne aka manna wa dogon wuya. Har yau hoton na yawo, labarin jirgin wasan kuwa sai wanda ya nema. Shi ya sa nake ganin duk wanda zai tura irin wannan abu, akwai haƙƙi a kansa ya tsaya ya tambaya: wa ya gani da idonsa, yaushe, me ke kusa da wurin, wa ya koma ya duba? In amsa ba ta samu ba, "ba a gano ba tukuna" cikakkiyar magana ce, ba dole sai an cusa wani abu a gurbin ba.

Wasu kan ce bayani yana kashe daɗin abu. Ni ban ga haka ba. Ka dubi wata daren sha huɗu lokacin da yake fitowa, ƙato kamar ka miƙa hannu ka taɓa, in ya kai tsakiyar sama kuma ya ƙanƙance. Nannaɗe takarda ta zama bututu daidai faɗinsa ka leƙa shi, ka jira sa'a uku ka sake leƙawa da bututun nan. Girmansa bai canza ba. Hasali ma lokacin fitowarsa ya fi nisa da kai da ɗan kaɗan. Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya yi aikinsa a Alƙahira, ya riga ya ce abin a cikin kan mai kallo yake, yadda hankali ke ƙiyasta nisa. Shekara dubu ke nan, masana na ta gardama a kan takamaiman yadda ƙwaƙwalwa ke yin wannan wayo. Na san duk wannan, na yi gwajin takardar da hannuna, amma har yanzu in ya fito sai na tsaya na kalle shi, kuma har yanzu ƙato nake ganinsa.

Dannau ya sake dawo mini bayan wasu shekaru, a wani dare da na dawo daga doguwar tafiya a gajiye. Nauyin nan dai, ɗaurin nan dai, har da mai tsayuwa a kusurwa. Tsoro bai fasa zuwa ba, zuciyata ta yi ta dukan uku-uku kamar wancan karon. Amma na bar kokawa da shi, na mai da hankalina kan babban yatsan ƙafata ina ƙoƙarin motsa shi, ina ambaton Allah a zuci. Bai fi minti ɗaya ba ya sake ni. Na kunna fitila na duba kusurwar. Wannan karon tawul ne a kan ƙofa.